Ganye Biyar a Gindin Tukunya

Shekara arba'in da shida ke nan ina cin gudeg ɗin matata Lasiyem, kuma shekara arba'in da shida ke nan ina jin sunan wani namiji a kansa.

Gudeg girki ne na ɗanyen nangka da madarar kwakwa, nangka kuma wani ƙaton ɗan itace ne mai ƙaya-ƙaya a fata. Ga yadda abin yake. Duk ranar da aka yi taro a gidanmu aka buɗe tukunya, baƙi suka ga ɗanyen nangka ya dahu ya yi ja mai duhu yana sheƙi, sai wani ya ce, "Kai, Mbah Lasiyem, wannan launi fa!" Mbah, wato kaka, haka ake kiran tsofaffi a wajenmu. Ita kuma sai ta goge hannu a zane ta ce, "Ganyen Sarjimin ne." Ba ta taɓa mantawa ba ko sau ɗaya.

Nangka kuwa nawa ne. Ni na shuka bishiyar a bayan rijiya satin da muka yi aure. Ni nake ɗaure 'ya'yanta cikin buhu kada ƙwari su huda su. Ni nake shafa wa wuƙa da hannuwana man kwakwa in fere su in yayyanka, saboda farin danƙon nan nasu da in ya kama mutum sai ya yi kwana uku yana manne wa ƙofa. Tukunya tana cika da nangkana har baki. Abin da Sarjimin yake da shi a ciki ganye biyar ne kacal na bishiyar jati, waɗanda ake shimfiɗawa a gindi don su ba da launi, a ƙarshe ma a zubar da su. Amma su ake ambata.

Sarjimin maƙwabcina ne, shingen gora ne kawai tsakaninmu. Tsohon mai gyaran keke ne, ya girme ni da shekara biyu, matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce. Ba na ƙin sa. Na dai san cewa tun kafin in auri Lasiyem ya taɓa goya ta a kekensa zuwa kasuwar Imogiri, ta zauna a gicciye a baya, hannunta ɗaya riƙe da sirdi. Da idona na gani, ina tsaye cikin gonar shinkafa da laka har gwiwa. Ni ba ni da keke a lokacin. Abin da nake da shi tsaka ce mai jela biyu da na kama na sa a kwalba, na kai mata ta gani. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, kuma bayan wata biyar ni ta aura. Har yau ban gane lissafin ba, shi ya sa ban taɓa sakankancewa ba.

A aji uku na bar makaranta, don malamin ya ce taga nake karantawa ba allo ba. Gaskiya ya faɗa. Ina da kanta a ɗaki inda nake ajiye abubuwan da Allah ya yi su daban: kwakwa marar ido, dutse mai rami a tsakiya da na tsinta a kogin Opak shekarar da dutsen Merapi ya yi aman toka, ƙahon akuya da ya murɗe ya koma inda ya fito. A bana kuma bishiyata ta ba ni abin da ya fi su duka. Nangka biyu suka fito a kara ɗaya, suka manne ciki da ciki, kowanne da kansa amma fata ɗaya ta rufe su. Ban sa su a buhu ba. Tsohon zanena na sallah na ɗaura musu. Kullum da safe sai na je na buɗe na duba su, ina tunanin in sun nuna ko ɗanɗanonsu zai zo ɗaya, ko ɗaya zai fi ɗaya zaƙi kamar yadda 'yan'uwa suke.

To, jikarmu Ambar cikinta na fari ya kai wata bakwai, aka sa walima ranar Asabar, dangin mijinta za su zo daga Klaten. Lasiyem ta ce Alhamis za ta ɗora tukunya, don gudeg sai ya kwana ana ɗumama shi yake sanin kansa.

Laraba da yamma sai ga Sarjimin ya leƙo ta shinge da ganyensa a hannu, ya jera su kamar mai kawo takardun gwamnati.

"Yu Las! Ga kayanki." Haka yake kiran Lasiyem, don a wajenmu Yu laƙabin girmama mace ne, Kang kuma na namiji.

"Kai, Kang, ka gan su kuwa? 'Yan jarirai!" Ta karɓa ta murza bakin ɗaya, yatsunta suka yi ja kamar ta yanka kaza. Ta ɗaga ta nuna masa, suka yi dariya tare.

Ina zaune a kan benci ina gyara tarkon ɓera. Na ce, "Ganye ne dai, Kang. Akuya ma ba ta cin sa."

"Akuya ba ta san girki ba, Ngadiran. Yaya 'yan biyunka? Na ji ka ɗinka musu zane. Yaushe za a sa su makaranta?"

"Ran da kekenka ya koyi tafiya ba tari."

Lasiyem ta ce, "Ku tsofaffin nan, ku ji kunya mana." Amma da murmushi ta faɗa, kuma na lura wajensa ta kalla da ta yi murmushin.

A nan tunanin ya zo mini. Watanni biyu kafin wannan na sayi busasshen zoɓo wajen mai maganin gargajiya, ba don sha ba, don kallo. In ka jefa ƙwaya ɗaya a kofin gilashi na ruwan zafi, jan yana sauka a hankali kamar hayaƙi da aka kifa. Nakan zauna in kalle shi har ruwan ya huce. Sai na ce a raina, ja ai ja ne. Kai, na zoɓo ma ya fi na jati kyau. In aka buɗe tukunya ranar Asabar, surukai suka yaba launi, Lasiyem ta buɗe baki za ta ce Sarjimin, sai in miƙe in zaro ganyensa biyar daga aljihu, ɗanyu shar, in ajiye a kan tabarma. Har na ga fuskarsa. Har na ga tata.

Alhamis bayan sallar asuba na sare nangka uku, waɗanda suka kai girman dahuwa ke nan, sauran duk ba su wuce dunƙulen hannu ba. Na fere, na yayyanka, na wanke. Lasiyem ta daka jar albasa da tafarnuwa da sauran kayan ƙamshinta, ta matse madarar kwakwa cikin roba biyu, ta farfasa mazarƙwailar kwakwa. Ta sauko da tsohuwar tukunyar ƙasa da ta gada wajen uwarta, wadda sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, ta shimfiɗa ganyen nan biyar a gindi da bismillah.

"Pakne, zuba mini nangkan, bari in ɗauko ƙwan agwagwa."

Haka take kirana, Pakne, uban yara, ni kuma in ce mata Bune. Tana juya baya na kwashe ganyen na cusa cikin singiletina, na zazzage zoɓo cikin tafi biyu a gindin tukunya, na ƙara na uku don kada a ce na yi rowa, na bi da nangka na rufe. Da ta dawo tukunya ta kai rabi. Ta jera ƙwai, ta zuba kayan daka da mazarƙwaila, ta kwarara madara, ta rufe da ganyen ayaba, ta ɗora murfi ta danne da dutse.

Dokar Lasiyem ɗaya ce: daga an ɗora dutsen nan ba a buɗewa, ba a juyawa, sai la'asar. Wuta kuma ƙarama, ta ɓawon kwakwa da itace biyu, kuma ni ne mai tsaronta tun farkon aurenmu. Na zauna a kan ɗan kujerata. Na so in je in ɓoye ganyen, amma matan unguwa sun cika tsakar gida suna naɗe kayan walima, duk inda na juya da ido a kaina. Sai na bar su a ƙirjina. Suna da kaushi kamar harshen kyanwa. Zafin murhu ya sa na yi ta gumi, ina sosawa ta saman riga, ina murza su ban sani ba.

Wajen hantsi tukunya ta fara magana. Na san muryarta, wani ɓul-ɓul ne mai nauyi kamar tsoho yana gyangyaɗi. Ran nan sai na ji kamar ta fi sauri. Da azahar ƙamshi ya tashi, kuma a ƙarƙashin zaƙin da na sani akwai wani abu siriri mai tsinke hanci. Lasiyem ta shigo ɗaukar faranti ta tsaya, ta ɗaga hanci.

"Me ka sa a wutar nan?"

"Ɓawon kwakwa."

"Wani tsami-tsami nake ji."

"Ƙila maƙwabciyarmu Yu Parmi ce take jiƙa wake a gidanta."

Ta dube ni, ta dubi dutsen da ke kan murfi. Na ga hannunta ya motsa, amma dokarta ta fi ƙarfinta. Ta fita. Ni kuma na ci gaba da ba kaina haƙuri cewa sabon abu dole ya zo da sabon ƙamshi.

Da aka yi la'asar ta zo da ludayi, mata uku a bayanta har da Yu Parmi. Ta ɗauke dutse, ta ɗaga murfi, ta janye ganyen ayaba.

Ban taɓa ganin irin launin ba, kuma da a wani wuri na gan shi da na so in ajiye shi a kantata. Ba ja ba ne. Wani shuɗi-shuɗi ne mai toka, kamar leɓen wanda ya daɗe a ruwa. Madarar ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji tana yawo a sama. Ƙwan agwagwa sun yi kamar idanun wani abu da bai kamata a tashe shi ba.

Lasiyem ta ɗebo kaɗan ta taɓa a harshe, fuskarta ta tattare. Ta nutsa ludayi har gindi ta ɗago, ga zoɓona ya kumbura ya yi fari-fari. Ta juyo a hankali. Ba fuskata ta kalla ba, ƙirjina ta kalla. Na sunkuya. Farin singiletina ya rine ja tun daga wuya har cibiya.

"Pakne," ta ce, "harbin ka aka yi, ko ganyena ne?"

Yu Parmi ta toshe baki da gyale ta fita da gudu, sauran suka bi ta. Ina jin su a bayan ɗaki suna sheƙa dariya.

Na zaro ganyen, sun yamutse sun yi laushi. Na ce, "Na ga ai ja ja ne."

"Ja ja ne."

"Kullum Sarjimin, Sarjimin. Ganye biyar! Ni da nake fama da danƙo har gashin hannuna ya ƙare, an taɓa cewa nangkan Ngadiran ne?"

Ta zauna a kan turmi, ludayi a cinya. Na ɗauka za ta yi faɗa, na ma fi son ta yi. Sai ta ce, "Shekararka saba'in da ɗaya. Jikarka za ta haihu. Jibi mutum talatin za su zauna a tabarmar nan, uwar mijinta kuma irin matan nan ne da suke ɗanɗana abinci da ido. Me zan ba su? Wannan?"

"A sayo wani nangkan a kasuwa."

"Tunda na shigo gidan nan ban taɓa sa nangkan wani a tukunyata ba, ba kuma zan fara a kan Ambar ba."

Maganar ta shige ni, amma ba ta ba ni lokacin jin daɗinta ba, don ta ɗaga ludayi ta nuna bayan rijiya, inda zanena na sallah yake lilo a jikin bishiya.

"Bune, ba su nuna ba."

"Ɗanye ake so."

"Ba a taɓa ganin irinsu ba a ƙauyen nan."

"Ba a taɓa ganin irin wannan ba ma," ta ce, ta nuna tukunya. "Gobe da sassafe. Ganye kuma kai za ka je ka roƙo, da bakinka. Ni ba zan iya kallon idon mutumin nan in ce masa mijina ya sa kyautarsa a hammata ba."

Juma'a da safe na zagaya ta ƙofar Sarjimin, ban tsallaka shinge ba, don mai roƙo ta ƙofa yake shiga. Na same shi yana shan shayi a baranda. Labari ya riga ni, na gani a yadda gashin bakinsa yake rawa.

"A'a, mai rini! An ce ka buɗe marina a ƙirji."

"Kang, ganye nake so."

"Na zoɓo ko na jati?"

Ya gama shayinsa ba gaggawa, ya tashi ya ɗauko doguwar gora mai lauje a kai, muka nufi kusurwar gida. Ban taɓa tsayawa a gindin bishiyar nan na ɗaga kai ba sai ran nan. Ta yi tsawo ƙwarai. Ganyen ƙasa duk manya ne, tsofaffi, ba sa ba da launi. Jariran suna can ƙoli. Sarjimin ya ɗaga gorar, ta kai rabi, hannunsa na dama ya ƙi wuce kafaɗa. Ya cije leɓe ya sake gwadawa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Shekara uku. Na ranar Laraba tun hantsi na fara, sai azahar na samu biyar." Ya miƙo mini gorar. "Riƙe, kai da kake da kafaɗa ba ka da hankali."

Na ɗaga, yana nuna mini. "Hagu. Hagunka, ba na bishiya ba! Wancan mai ja-ja a baki." Ganye ya faɗo yana juyi, ya tare shi da hannu biyu kada ya taɓa ƙasa.

Muna kan na huɗu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka san abin da yake ba ni haushi da kai? Duk ran da ta ɗora tukunyar nan, gidana hayaƙin yake shigowa. In zauna a nan in shaƙa tun safe har la'asar, ina ganin ƙeyarka ta shinge, kana zaune kana gyangyaɗi a gaban wuta, ta fito ta ce Pakne ka ci wani abu, ta koma ta fito ta ce Pakne matsa daga hayaƙi. Ni kwano ɗaya ake miƙo mini ta kan gora. Sai sunana da take faɗa sau uku ko huɗu a shekara. Shi ne ya tsone maka ido?"

Na ce, "Ka goya ta a keke."

Ya saki baki. "Keke? Wane keke?" Sai ya tuna, ya fashe da dariya har da tari. "Ranar da ƙaya ta soke ta? Ai tun daga gada har kasuwa maganar wani mahaukaci take yi mini mai tsaka a kwalba. Saura kaɗan in sauke ta a hanya."

Ban yarda da shi duka ba. Mai gyaran keke ya iya toshe rami. Amma na karɓi ganyen, na kuma ce na gode, ya ce in riƙe su a hannu inda mutane za su gani.

Na kwance zanena daga jikin 'yan biyu da kaina. Na daɗe ina kallonsu kafin in shafa wa wuƙa mai. Da na raba su sai na ga ashe zuciya ɗaya ce da su, farin ƙashin tsakiyar nan ya fito ɗaya daga kara sannan ya rabu biyu kamar hanya. Na kira Lasiyem ta gani. Ta leƙo, ta ce, "Ikon Allah," kuma da gaske ta faɗa, ta tsaya ta taɓa shi da yatsa kafin ta ce in yi sauri rana tana yi. Wannan karon ita ta zuba komai, ni kuma ta sa na cire singileti na zauna haka nan a gaban murhu har lokacin masallaci.

Ranar Asabar aka yi wa Ambar wanka da ruwan furanni, aka yi addu'a, aka shimfiɗa tabarmi. Gudeg bai samu kwana biyunsa ba, ɗaya ya samu, amma ya yi ja mai duhu yana sheƙi. Uwar mijin Ambar ta ɗaga loma ta juya ta a haske kamar mai sayen zinariya.

"Mbah, wannan launi fa!"

Lasiyem ta goge hannu a zane. Na sunkuyar da kai ina kallon shinkafata.

"Ganyen Sarjimin ne," ta ce. Sarjimin, can ƙarshen tabarma, ya gyara zama. Sai ta ƙara, "Nangkan kuma 'yan biyu ne, manne da juna. Mai shi ya fi son su da ni, amma ya yanka wa jikarsa."

Wuri ya kaure. Mata suka yi ta tsokanar Ambar wai ta shirya zane biyu na goyo, mijinta ya ƙware da shayi, aka yi ta tambayata yaya suke, ina na ajiye ƙashin tsakiyar. Na je na ɗauko shi daga kanta, ya zaga hannu talatin.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da baƙi suka watse ina naɗe tabarma na sake bin maganar a raina, na ga sunan Sarjimin ne ya zo farko, kuma cikakke. Ni kuwa "mai shi" aka ce.

Bayan kwana uku na ga wani ɗan tsiron jati a bakin shinge, ta ɓangarenmu, ganye huɗu. Na tone shi da saiwarsa na dasa kusa da rijiya, na kewaye shi da ƙaya saboda kaji. An ce shekara ɗaya ya isa a fara tsinkar ganye. Ina ba shi ruwa Lasiyem ta zo ɗiban nata, ta tsaya ta dube shi, ta dubi babbar bishiyar da ke leƙowa ta kan shinge.

"Ka kyauta, Pakne," ta ce, ta jefa guga. "Ɗan bishiyar Sarjimin ne, ko?"